Hausa ta shiga kundi, saura ta shiga aji



Ranar 26 ga watan Maris na shekarar 2025 aka sa hannu a birnin Yamai a kan Kundin Sake Gina Ƙasa, wanda ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki ne. Ƴan kwanaki kafin haka, a cikin watan nan na Maris, ƙasarmu ta ba da sanarwar ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Tun daga sannan ake ta tattauna al'amarin a gidajen rediyo da wuraren shan shayi da ƙofofin masallatai, wasu suna murna, wasu suna ɗari-ɗari. Sai dai akwai wuri ɗaya da masu muhawara ba su cika leƙawa ba, alhali kuwa can ne za a gane ko maganar ta kama ƙasa ko a takarda ta tsaya. Wurin nan shi ne ajin farko na lakwal, inda yara ƴan shekara shida ko bakwai suke zaune, wasu a kan benci wasu a kan tabarma, sun zuba wa bakin mushe ido.

A tsarin karatun wannan aji akwai ɗan lokaci da aka keɓe wa waƙa da hadda, wato abin da duk wanda ya yi lakwal ya sani da sunan resitasiyo. Da yawa daga cikin malamai suna ɗaukarsa abin cike gurbi, a yi shi in yara sun gaji ko gab da tashi. Ni a ganina wannan ɗan darasi shi ya kamata a fara gyarawa, domin babu wanda ya kai shi arha, babu kuma wanda ya kai shi kusa da abin da yaro ya taho da shi daga gida. Zan kawo dalilaina, mai karatu ya auna.

Abin da muka gada

Resitasiyo tare da lakwal ta zo mana, lakwal kuwa tare da Nasara. Kakanninmu da iyayenmu sun haddace tatsuniyoyin Lafontan, mawaƙin Faransa wanda kashin farko na littafinsa ya fito a 1668, musamman ta hankaka da yanyawa. Sun yi karatu a cikin Mamadu da Bineta, littafin da aka rubuta domin yaran Afirka tun wajen shekarun 1930. Bayan samun ƴancin kai a 1960 aka ƙara da waƙoƙin ƴan Afirka masu rubutu da Faransanci, irin su Sangor da Birago Diyop da David Diyop. Babu mai musun cewa waɗannan fasihai ne, kuma waƙoƙinsu sun tsima mutane da yawa. Amma ga yaron Tasawa ko na Madawa da ya shigo aji bai san ko kalma goma ta Faransanci ba, da waƙar da ke yabon Afirka da wadda ke yabon hunturun Turai duk ɗaya ne a kunnensa: ƙara ce ake so ya maimaita. A zamanin da ya wuce har da sambol, ɗan abin nan da ake rataya wa yaron da ya kuskura ya yi harshen uwarsa a harabar makaranta, ya yi ta farautar ɗan uwansa don ya miƙa masa, wanda aka tashi yana wuyansa ya sha horo.

Lokacin da nake makarantar horon malamai an tura mu gwajin koyarwa wani ƙauye a jihar Maraɗi. A ajin da aka ba ni akwai wata yarinya da malaminsu yake taƙama da ita. Duk baƙon da ya zo, ita ake tayarwa. Ta miƙe, ta harɗe hannuwa, ta kawo waƙar hankaka da yanyawa tun daga take har sunan mawaƙin, ba gargada. Da aka fita shan iska na tambaye ta da Hausa, me hankakan nan yake riƙe da shi a baki? Ta sunkuyar da kai. Na ce mata ai cuku ne, sai ta ƙyalƙyale da dariya, domin cuku ta san shi, makiyaya suna kawo shi kasuwarsu. Ba a jima ba na hango ta tsakiyar ƴan mata, ita ce zabiya, tana ba da waƙar gaɗa ana amsa mata. Tana saka sunayen ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, kuma duk sunan da ta saka sai ta daidaita shi da tafi, ta ja wannan, ta daddatse wancan. Yarinyar da a cikin aji take karatun aku, ashe a waje mawaƙiya ce mai ƙirƙira. Tsakanin ƙofar ajin da inda suke gaɗar bai fi taku ashirin ba, amma makaranta ba ta san abin da ke gudana can ba.

Kada a ce labarin yarinya ɗaya ne. A binciken PASEC na 2014, wanda taron ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da Faransanci ya gudanar a ƙasashe 10, ƴan ajin ƙarshe na firamare a Nijar da suka kai mizanin da ake bukata wajen karatu ba su cika kashi 10 cikin 100 ba. A na 2019 suka kai wajen kashi 30 cikin 100. Ci gaba ne, kuma a yaba wa malamai. Amma ma'anarsa ita ce, cikin yara goma da suka shafe shekara shida a lakwal, bakwai suna fita ba su iya karanta takarda su fahimce ta yadda ya kamata ba. A binciken nan na 2014, ƙasar da ta yi zarra a azuzuwan farko ita ce Burundi, inda yara suke fara karatu da Kirundi, harshen da suke ji a gida: kusan takwas cikin goma sun kai mizani. Gaskiya ne Burundi kusan harshe ɗaya gare ta, mu kuwa namu sun kai goma har da ɗoriya. Gaskiya ne kuma dalilan raunin karatu suna da yawa, akwai cunkoso, akwai ƙarancin littattafai, akwai azuzuwan kara da ba a iya kafa su sai an gama girbi. Duk da haka darasin a fili yake ga mai son gani.

Ba yau aka fara ba

Masu cewa koyarwa da harsunanmu sabon abu ne, tarihi bai goyi bayansu ba. Tun a 1964 Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya yi kira a cikin littafinsa na ilimi a Afirka da a koyar da yara da harsunansu. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako domin daidaita haruffan rubuta Hausa da wasu harsunan Afirka ta Yamma. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a unguwar Zango ta Damagaram, inda yara suke farawa da Hausa sannan su shiga Faransanci, daga baya aka yi irinta da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Dokar tsarin ilimi ta ranar 1 ga watan Yuni 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, a 1999 aka tsaida ƙa'idar rubutunsu, dokar ranar 31 ga Disamba 2001 kuma ta lissafta harsunan ƙasa goma. Binciken da aka yi a kan makarantun gwajin ya nuna yaransu ba su gaza na sauran makarantu ba ko a Faransancin ma, sau da yawa sun fi su. Ke nan doka akwai ta, hujja akwai ta. Abin da ya hana ruwa gudu shi ne an shafe fiye da shekara hamsin ana kiran abin gwaji, kuma abin da za a karanta da harsunan bai wadata ba. Kowa ya san in an ce yaro ya yi karatu da Hausa, tambaya ta gaba ita ce: ya karanta me?

Abin da waƙa take koya wa kunne

Kafin yaro ya gane cewa baƙaƙen da ke kan allo suna wakiltar sauti, sai kunnensa ya fara gane cewa magana tana rarrabuwa: zance yana da kalmomi, kalma tana da gaɓoɓi, kuma kalmomi biyu suna iya ƙarewa da sauti iri ɗaya. Masana koyar da karatu a ko'ina cikin duniya sun yarda da wannan, shi ya sa ƙananan azuzuwan Turai suke cike da ƴan waƙoƙin yara. Yaranmu kuwa sun daɗe suna wannan horo ba tare da an sa masa suna ba. Waƙar raino ta shiga kunnensu suna goye, waƙar daka da ta niƙa suna tsakar gida, ga gaɗa da wasannin dandali da tashe da kacici-kacici da waƙoƙin da ke cikin tatsuniya. Duk tafin da yarinya ta yi a dandali, gaɓa ce ta ƙidaya.

A Hausa akwai wani dalili na musamman da ya sa waƙa ta zama tilas. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna hawa da saukar murya. Dattawan da suka yi yaƙi da jahilci a shekarun 1970 za su tuna cewa a lokacin ana ninka wasali mai tsawo, har sunayen jaridun yaƙi da jahilci irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii haka ake rubuta su. Bayan taron Yamai na 1980, wanda ya daidaita rubutunmu da na ƴan uwanmu na Nijeriya, aka bar wannan. An sami sauƙi da haɗin kai, amma nauyin ya koma kan mai karatu. Baƙi na launi da baƙi da suka zo daga tafiya rubutunsu ɗaya, alhali wasalin farko a ɗaya gajere ne, a ɗayan dogo. Haka dafa ta tukunya da dafa ta kafaɗa. Kuka ta miya da kuka na hawaye murya ce kawai ta raba su. Wuya da ake rataya wa sarƙa da wuya da ake sha, su ma murya ce ta raba su. Babban mutum yakan gane daga zancen da ke kewaye, amma ƙaramin yaro mai haɗa baƙi da baƙi sai an ba shi abin dogara.

Waƙa ita ce abin dogarar nan, domin a kan wannan bambanci aka gina karinta. Gaɓar Hausa iri biyu ce wajen nauyi. Akwai sassauƙa, mai baƙi da gajeren wasali, kamar farkon kalmar rabo. Akwai nannauya, mai dogon wasali kamar farkon kalmar rana, ko mai tagwan wasali kamar kai, ko wadda baƙi ya rufe kamar nan. Marubuta waƙoƙin Hausa sun jera waɗannan gaɓoɓi bisa ma'aunan da suka samo daga Larabci, irin su Mutaƙarab da Kamil da Rajaz da Basiɗ. Makaɗa da zabiyoyi kuwa suna auna su da kiɗa da tafi. Saboda haka in yaro ya gajarta wasalin da ya kamata ya ja, ɗangon waƙar sai ya yi ɗingishi, kuma dukan ajin za su ji tun kafin mushe ya buɗe baki. Waƙar da kanta take yi wa mai karanta ta gyara. Ga kuma amsa-amo, wanda yake nuna wa yaro a ƙarshen kowane baiti cewa sauti ɗaya harafi ɗaya ne. Yaron da ya riga ya haddace baiti, ranar da ya gan shi a rubuce a kan babban allo yana bin kalmomin da yatsa, ranar yake gano da kansa cewa rubutu magana ce aka ajiye.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A makarantar allo da rerawa yaro yake koyon babbaƙu da farfaru. Almajiran ilimi suna haddace nahawun Larabci a cikin Alfiyyar Ibnu Malik, baiti kusan dubu, domin abin da aka waƙe ya fi zama a ka. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ɗiyar Shehu Usman ɗan Fodiyo da aka haifa a Maratta cikin jihar Tawa ta yanzu, da waƙoƙi ta karantar da matan ƙauyuka. Tana tsara su da Fulatanci da Hausa da Larabci, jajinta suna haddacewa su kai wa ƴan taru, kowace a ji ta da harshen da take fahimta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ramuka uku a kan hanya

To, tunda an ce a shigar da Hausa, ta wace hanya waƙar za ta shigo? A nan ne nake jin tsoro, kuma ramin farko ya shafi sana'ata. Fassara ce aikina, da ita nake ci, ba zan raina ta ba. Doka da sanarwa da darasin lissafi duk suna fassaruwa. Amma na sha gwada juya waƙar yara daga Faransanci zuwa Hausa, kullum ma'ana takan ƙetare ta bar karin a baya. Dalili kuwa shi ne waƙar Faransanci ƙidayar gaɓoɓi take yi, ta Hausa kuwa auna su take yi. In aka yi gaggawar cika littattafai ta hanyar ɗauko tsofaffin resitasiyo a miƙa wa masu fassara, za a sami kalmomin Hausa suna tafiya da ƙafar aro, ba sa reruwa, ba sa tafuwa. Yara za su koma karatun aku, wannan karon da harshensu, kuma su tashi da zaton cewa waƙar Hausa gurguwa ce. In ana son labarin hankaka, a ba mawaƙi labarin kawai, ya sake gina shi tun daga tushe, da dila malamin daji da cukunsa. Mai fassara ya tsaya inda iyawarsa ta tsaya.

Rami na biyu shi ne sanarwa a cikin rigar waƙa. Da zarar an ji za a rubuta wa yara waƙoƙi, kowa zai taho da saƙonsa: wannan wanke hannu, wancan gidan sauro, wancan dashen itace, wancan kishin ƙasa. Dukansu abubuwa ne masu kyau, kuma waƙar gargaɗi tana da babban matsayi a adabinmu tun daga Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja. Sai dai waɗancan manya suke yi wa magana. Ɗan shekara bakwai abin da yake kama shi shi ne wasa da harshe, da ban dariya, da ban mamaki, da dabbar da ta yi magana, da amshin da zai tsala da ƙarfi tare da ƴan uwansa. In littafin ya zama nasiha tun daga bango har bango, zai haddace don tsoron bulala, ya manta ranar da aka ba da hutu. A bar wa wasa kaso mafi girma, nasiha ta shigo kaɗan-kaɗan kamar gishiri a miya.

Rami na uku ya fi sauran zurfi. Fiye da rabin ƴan Nijar Hausa ce harshensu na farko, wasu da yawa kuma suna jin ta a kasuwa da tasha. Amma yaron Tera ko na Ingal ko na Gigimi da ya shigo aji da Zabarmanci ko Tamajak ko Barbarci ko Tubanci, in aka tsayar da shi ya haddace waƙar Hausa da bai san ma'anarta ba, an maimaita masa abin da aka yi wa yarinyar nan ta jihar Maraɗi, an canza harshe kawai. Kundin da ya ɗaukaka Hausa ya lissafta sauran harsunan da ake magana da su a ƙasar nan, kuma kowannensu yana da waƙoƙin rainonsa da na dandalinsa. Hujjar da na kawo a sama hujja ce ta harshen da yaro yake ji, ko wanne ne. Don haka kowane yaro ya fara da waƙar gidansu. Bayan haka sai ya koyi ta maƙwabcinsa, a bayyana masa ma'anarta: ɗan Damagaram ya iya waƙa ɗaya ta Fulatanci, ɗan Doso ya iya ɗaya ta Hausa. Mu da muka san zafin sambol, bai kamata a ce da hannunmu aka sassaƙa wani sabo ba.

Abin da za a iya yi

Aikin farko tattarawa ne, kuma ba daga sifili za a fara ba. A Yamai akwai cibiyar CELHTO da cibiyar IRSH ta jami'a, waɗanda suka daɗe suna adana adabin baka. Akwai faya-fayan Muryar Sahel, akwai abin da aka rera a bukukuwan matasa na zamanin samariya a shekarun 1970 da 1980. Akwai kuma taskar da ta fi waɗannan duka, wato tsofaffin mata da ke kowace unguwa. Kowace makarantar horon malamai, ta Damagaram da ta Maraɗi da ta Tawa da ta Doso da sauransu, tana iya ɗora wa kowane ɗalibi ya kawo waƙoƙin yara biyar daga garinsu kafin a ba shi takardar shaida, a rubuce kuma a naɗe a wayar salula. Cikin shekara ɗaya za a tara abin da zai ishi hukumar INDRAP ta tace ta buga.

Tacewa kuwa wajibi ce. Ba kowace waƙar gaɗa ce ta dace da aji ba. Akwai masu habaici da zambo da maganganun da ba na yara ba. Sai dai mai tacewa ya yi hattara da karin harshe. Yaron Adar yana cewa shina inda littafi ya rubuta yana, yana cewa hwara inda aka rubuta fara. Waƙar da aka ɗauko daga Adar ko Arewa ko Gobir, in aka matsa mata sai ta sa rigar daidaitacciyar Hausa, sau da yawa karinta yakan karye. A bar ta yadda masu ita suke rera ta, a nuna wa yaro cewa ga yadda ake faɗi a can, ga yadda littafi yake rubutawa. Wannan ma ilimi ne. Sannan a gayyaci mawaƙa da marubuta na yau su tsara sababbi, gajeru, baiti huɗu zuwa shida, a biya su hakkinsu. Ƙasar da ta kafa gasar Ɗan Gurmu domin makaɗa, ta kuma haifi irin marigayi Malam Mamman Barka, wanda malamin lakwal ne kafin duniya ta san shi da gurmi da biram, ba za ta rasa masu yi wa yara waƙa ba.

Aiki na biyu horon malami ne. Yawancin malamanmu da Hausa suka tashi ko suka iya ta, amma ba a taɓa zaunar da su an koya musu rubuta ta ba. Wanda bai bambance kasa da ƙasa a kan allo ba, ko baki da baƙi, ba zai iya gyara wa yaro ba. Akwai kuma kunya: wani mushe yana ganin tafi da rerawa zubar da girma ne. Maganin wannan shi ne a nuna masa cewa darasi ne mai tsari, wanda ba ya wuce minti ashirin. Ya rera waƙar sau biyu yara suna saurare. Ya ba su amshi su riƙe. Su tattauna ma'ana, wa ya yi me, me ya faru. Su tafa gaɓoɓin ɗango ɗaya, su ji inda aka ja da inda aka taƙaita. Sai a rana ta biyu ko ta uku ya rubuta baitin a allo, yara su fito ɗaya-ɗaya su nuna kalmar da aka ambata, su ja layi ƙarƙashin amsa-amo. A rana ta ƙarshe ya share kalmar ƙarshen ɗango, ya ce kowa ya kawo tasa wadda za ta zauna daidai. Nan ne yaro yake tashi daga mai hadda ya zama mai ƙirƙira. Ba a bukatar lantarki ko littafi ga kowane yaro. Alli da allo da tafin hannu sun isa, ko a ajin kara. In malamin bai ji harshen garin da aka tura shi ba, ƙungiyar iyaye mata ta makarantar ta samo masa dattijuwa da za ta riƙa zuwa sau ɗaya a mako.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, domin an sha faɗa mini: mun kai yaro lakwal ya koyo Faransanci ya sami aiki, Hausa ai a gida ma yana jin ta. Maganarsu abar dubawa ce, tunda har yanzu da Faransanci ake rubuta yawancin jarrabawa da takardun ofis. Amsar ita ce, karatu sau ɗaya ake koyonsa. Yaron da ya gane sirrin haɗa harafi da sauti a harshen da yake ji, da wannan sanin zai shiga Faransanci, da shi zai shiga Ingilishi. Kuma ba a ce a kori waƙar Faransanci daga aji ba. Tun ajin farko ana iya koya masa gajeru da baki, a nuna masa abin da suke nufi. Lafontan da Birago Diyop su jira shi a manyan azuzuwa, lokacin da in an tambaye shi me ke bakin hankaka zai amsa, har ya faɗi dalilin da ya sa ya faɗi ƙasa.

Kowace shekara ana bukin ranar harshen uwa a 21 ga Fabrairu, da ranar waƙa ta duniya a 21 ga Maris, wadda UNESCO ta tsayar a 1999. Tsakanin ranakun biyu wata ɗaya ne cif. Da masu duba makarantu da gidajen rediyon karkara za su ɗauki watan nan su shirya gasa tsakanin ƙananan azuzuwa, kowane aji ya kawo waƙa ɗaya ta gado da ɗaya da yaran suka tsara da kansu, da mun ga abin da ke ɓoye a bakin ƴaƴanmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Magabata sun rubuta nasu a kundi. Sauran aikin yana hannun mai riƙe da alli, da uwar da ta san waƙar da ta yi wa ɗanta raino da ita. Yarinyar nan da na gani a jihar Maraɗi yanzu ta girma, wataƙila nata ɗan ya kusa shiga lakwal. Fatana ranar da ya shiga, kada a ce masa ya ajiye waƙar uwarsa a bakin ƙofa.

Allah ya yi mana jagora, ya raya mana zuriya. Amin.